Halin Falke a Tarihin Fataucin Goro daga Kano zuwa Gwanja

Tun daga tsakiyar ƙarni na 20 masana halayyar ɗan Adam suka duƙufa wajen neman sanin ko akwai wasu ɗabi'u da ke bambanta mutumin da ya kafa sana'a ta bunƙasa da wanda ya kafa ta durƙushe. Mafi shahara cikinsu shi ne David McClelland na Jami'ar Harvard, wanda a littafinsa na 1961 ya danganta bunƙasar arzikin al'umma da yawan mutanenta masu ƙishirwar cimma buri, wato ɗokin da ke sa mutum ya ɗora wa kansa aiki mai wuya, ya yi ta fama har ya kai gaci ba tare da wani ya umarce shi ba. A 1966 wani masani Ba'amurke, Robert LeVine, ya wallafa sakamakon gwajin wannan ra'ayi a Nijeriya, bayan ya tattara labaran mafarki da rubutun insha'i na ɗaliban sakandare Ibo da Yarabawa da Hausawa, inda ya sa Ibo a sama, Hausawa kuma a ƙasa, ya ce dalili shi ne a ƙasar Hausa mutum yakan ɗaukaka ne ta hanyar barantaka, wato biyayya ga ubangida da jiran abin da zai miƙo, don haka ladabi da bin umarni sun fi tasiri a zukatan yara bisa ga himmar neman na kai. Wannan hukunci yana da wuyar karɓa ga duk wanda ya san cewa al'ummar da aka yi wa shi ita ce ta riƙe ɗaya daga cikin hanyoyin ciniki mafi tsawo a Afirka ta Yamma na ɗaruruwan shekaru, kuma ita ce ta fitar da Alhassan Ɗantata, attajirin da ake ganin ya fi kowa dukiya a yankin lokacin da ya rasu a 1955. Tarihin fataucin goro yana nuna cewa halayen da suka kai fatake ga nasara yanayin sana'ar ne ya tace su, gidajen fatake kuma suka rene su, kuma barantakar da aka ɗauka a matsayin cikas ita ce makarantar da aka koye su a cikinta.

Goron da Hausawa suka fi so ba ya fitowa a ƙasarsu, domin itacensa yana bukatar inuwar kurmi da ruwan sama mai yawa, kuma kafin ƙarni na 20 mafi yawansa daga dazuzzukan ƙasar Asante yake zuwa, a cikin Ghana ta yau. Tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wajen 1438 zuwa 1452, amma cinikin bai kai ƙarfinsa ba sai bayan da Asante ta mamaye Gwanja da Dagomba a tsakiyar ƙarni na 18, sannan daular Sakkwato ta haɗa kasuwannin ƙasar Hausa ƙarƙashin tuta ɗaya a farkon ƙarni na 19. Sarakunan Asante ba su yarda baƙin 'yan kasuwa su shiga kurmi su sayi goro a gindinsa ba, sai suka tsayar da su a Salaga, garin da ke cikin fili arewa da kurmi, kuma nan ne ya zama matattarar da Bahaushe yake nufi idan ya ce Gwanja. Ayari yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Zamfara da kanwa da turkuɗi da riguna da jar fata da gabu, wato busasshen ganyen albasa, da dabbobi da bayi, ya bi ta Sakkwato ko Jega, ya haye kogin Kwara a wajen Yawuri ko Ilo, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, ya faɗa Sansanin Mango da Yendi kafin ya sauka Salaga, tafiyar da ta haura kilomita dubu, wadda zuwa da dawowa takan ci wata shida har zuwa shekara. Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya ƙiyasta mutanensa maza da mata sun haura dubu, dabbobin kaya ma kamar haka, Heinrich Barth kuma, wanda ya zauna a Kano a 1851, ya ƙiyasta kayan jaki 500 na goro ke shiga birnin kowace shekara.

Abu na farko da ya tsara halin falke shi ne goron kansa. Goro kaya ne mai rai, wanda ƙimarsa ke cikin ɗanyantakarsa, kuma sai an bi da shi ta ƙasashe masu zafi da iskar hunturu wata biyu ko uku kafin ya isa kasuwa. Ana naɗe shi cikin ganyen fita a ɗaure shi huhu-huhu, ana yayyafa masa ruwa daidai gwargwado, domin idan ya bushe ya yi tauri ya rasa daraja, idan kuma ruwa ya yi masa yawa ya ruɓe, sannan kowane 'yan kwanaki sai an kwance huhu an tsince shi ɗaya bayan ɗaya an fitar da wanda sankara ta kama, wato ƙwaron da ke huda goro ya yaɗu cikin sauran. Mutumin da ya yi kasalar wannan aiki na mako guda zai iya isa Kano da jarinsa ya koma rabi. Haƙurin da ake yabon fatake da shi, saboda haka, ya wuce jure yunwa da ƙishirwa da kwanan daji. Ya haɗa da iya maimaita ƙaramin aiki mai gundura cikin natsuwa har tsawon watanni, da iya danne zuciya a lokacin sayarwa. Farashin goro yakan faɗi idan ayari ya shigo, ya tashi idan kasuwa ta yi ƙamfa, kuma wanda ya san yadda ake adana shi har ya zama daushe, wato goron bara da ya kwanta ya yi daɗi, yakan sayar da ƙwarya, wato goro ɗari, a kan kuɗin da mai gaggawa bai taɓa gani ba. Sanin marsa, manyan goro masu tsada, da rarrabe su daga ƙanana, da gane wanda zai jure ajiya da wanda ya kamata a rabu da shi a zangon farko, ilmi ne da ba a samunsa sai da shekaru a gefen wanda ya sani.

Hanyar ma tana da nata sharaɗin. Ƙasar Bargu ta yi suna wajen 'yan fashi, kowane sarki a kan hanya yana da garamar da yake karɓa, kowane kogi yana da kuɗin fito, kuma ayari mai mutum dubu yana bukatar ruwa da abinci da kiwo a kowane zango. Shugaban ayari shi ne madugu, a ƙarƙashinsa akwai jagaba mai wucewa gaba don duba hanya da masauki, da uban dawaki mai tattara kuɗin garama daga fatake ya je ya daidaita da masu ƙasa, da malamin ayari mai riƙe lissafi da zaɓen ranar tashi da jan salla. Ba sarki ke naɗa madugu ba. Fatake ne ke zaɓar wanda za su bi, kuma idan ya jefa su cikin asara, baɗi sai su bi wani. Abin da ake nema gare shi shi ne jarunta mai tafe da hankali, da sanin harsuna da al'adun mutanen hanya, da iya magana da sarkin da ya tsawwala garama har ya sassauta, da adalci wajen raba nauyin kuɗin a kan mai jaki biyu da mai jaki hamsin. Masu nazarin kasuwanci na zamani sukan sa son kasada a sahun gaba na halayen mai kafa sana'a, amma abin da tsarin ayari ke nunawa shi ne fatake sun ɗauki kasada a matsayin abin da ake ragewa da dabara: ana tafiya cikin taro, ana biyan garama maimakon faɗa, ana rarraba jari a kan kaya iri-iri, ana sayar da wani abu a kowane zango don kada dukiya ta taru a wuri ɗaya. Mai ganganci ba ya daɗewa a wannan hanya, kuma ba a ba shi jagorancin dukiyar mutane.

Binciken da masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi a Kano da kewayenta, wanda ya fito a littafi a 1980, ya nuna cewa a ƙarni na 19 rukuni uku ne suka mamaye fataucin goro, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Na biyun farko asalinsu daga arewa ne, zuriyar bayi da barorin Abzinawa da suka gangaro ƙasar Katsina da Kano suka zama Hausawa, na ukun kuma asalinsu daga Barno ne, cibiyarsu tana Gummi a ƙasar Zamfara. Dukansu baƙi ne a inda suka zauna, ba su da gadon sarauta, kuma ba su da rabo a mulkin da Fulani suka kafa bayan jihadi, don haka ƙofar ɗaukaka da ta rage musu ita ce dukiya da ilmin addini. Sun riƙe tsagensu na fuska da ake gane su da shi, suna auratayya a tsakaninsu, suna zama a garuruwa irin su Bebeji inda suke noma da damina su yi fatauci da rani. Wannan yana da muhimmanci ga batun hali, domin yaron da aka haifa a irin wannan gida yana buɗe ido ne ya ga ana ƙirga wuri, ana ɗaure kaya, ana hirar farashin kanwa a Jega, kuma tun yana ƙarami ake ɗora masa talla, daga baya a sa shi kora jakuna a ayarin ubansa ko kawunsa, a ba shi ɗan abin da zai juya na kansa a gefen kayan gida. Abin da baƙo zai gani ya ce baiwa ce ta jini, tarbiyya ce ta shekara goma sha biyar ko ashirin.

A nan ne kuskuren LeVine ya fi fitowa fili. Yaron gida, ko ɗa ne ko bara ko bawa, yana yi wa maigida hidima shekara da shekaru, kuma ladabi da biyayya su ne sharaɗin zamansa, amma ba su ne ƙarshen tafiyar ba. Maigida yana gwada shi da ƙaramin aike, sannan da babba, sannan ya tura shi wani gari da kaya shi kaɗai, kuma idan ya ga ya riƙe amana ya iya lissafi, sai ya yi masa aure ya ba shi jari, ko dai kyauta ko bisa ƙiradi, wato yarjejeniyar da fiƙihun Malikiyya ya amince da ita, inda ɗaya ke kawo dukiya ɗaya ke kawo wahala su raba riba bisa kason da suka ajiye, asarar da ba ta sakaci ba kuma ta faɗa kan mai dukiya. A ƙasar da babu banki, wannan ita ce hanyar da marar gado ke samun uwar kuɗi, kuma biyayyar da yaro ke nunawa ita ce shaidar da yake tarawa don ranar da zai tsaya da ƙafarsa. Ga kuma wani abin lura game da waɗanda aka yi gwajin a kansu: a farkon shekarun 1960 ɗan sakandare a Arewa yawanci aikin gwamnati ko na En'e yake hange, gidajen fatake kuwa sun daɗe suna fifita makarantar allo da kasuwa a kan boko, saboda haka yaran da suka fi ƙishirwar neman na kansu suna kasuwannin Kurmi da Kantin Kwari lokacin da ake tambayar wasu abin da suka yi mafarki.

Amana ita ce ginshiƙin da sauran suka jingina a kai, kuma dalilinta a bayyane yake idan aka dubi yadda ciniki ke gudana. Falken da ya sauka a garin da ba nasa ba yana sauka ne a gidan fatoma, wanda a wasu wurare ake kira maigida, shi ne mai ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni idan an sayi kayansa bashi, ya riƙe masa kuɗi har ya dawo baɗi. Dillali kuma yana cin la'ada ne a kan sunansa. Clapperton, wanda ya ga kasuwar Kano a 1824, ya ba da labarin cewa ana rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda idan aka kai shi Barno aka kwance aka tarar da algus, sai a dawo da shi, dillalin ya nemo mai kayan, a tilasta masa mayar da kuɗi. Alƙali yana nan, amma ƙarar mutumin da ke nisan tafiyar wata biyu ba ta da amfani, don haka hukuncin da ya fi tsoratar da ɗan kasuwa shi ne labari ya bi ayari cewa wane ya ci amana, domin daga ranar babu mai ba shi bashi daga Kano har Salaga. Abner Cohen ya tarar da wannan tsari da ransa a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, inda masu gidajen Hausawa ke tsayawa tsakanin dillalan shanu na Arewa da mahautan Yarabawa, ana ba da shanu bashi ba takarda, maigida kuma ya biya daga aljihunsa idan mahauci ya gaza, saboda ya san ranar da ya bar baƙonsa ya yi asara ita ce ranar da baƙi za su koma gidan wani. Salla a masallaci ɗaya, da ɗarikar Tijjaniyya da ta game unguwar a shekarun 1950, sun ƙara ɗaure wannan zumunci, suka sa mutum yana cikin idon abokan cinikinsa sau biyar a yini.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa fatake waliyyai ne ba. Dokar mayar da kaya ba za ta kafu ba in da babu masu ha'inci, kuma wayo, wato iya karanta abokin ciniki da ɓoye bukata da sanin lokacin da za a ce albarka, yana cikin abin da ake koya wa yaro tare da gaskiya. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne amanar tana da iyaka, kuma akwai mutanen da ba ta rufe su ba. Salaga tana cikin manyan kasuwannin bayi na yankin, bayi suna cikin abin da ake musanyawa da goro, su ne ke ɗaukar kaya a ka inda jaki ya gaza, su ne ke noma gandun attajiri yayin da yake kan hanya, kuma zuriyar waɗanda kakanninsu suka fito daga bauta a hannun Abzinawa sun zama masu bayi da yawa. Duk bayanin da zai danganta dukiyar manyan fatake ga kyawun halinsu kaɗai ya zalunci waɗannan mutane, domin wani kaso na ribar daga guminsu ya fito, kuma haƙurinsu bai zama jari gare su ba sai ga 'yan ƙalilan da iyayen gijinsu suka 'yanta suka ba su abin juyawa.

Hali na uku da ake yawan ambata, bayan haƙuri da amana, shi ne tsimi, kuma shi ne ya fi jawo wa attajiri magana. Al'ummar Hausa tana girmama mai kyauta, maroƙa da makaɗa suna da hanyar kunyata wanda ya hana, dangi da maƙwabta suna da haƙƙi a kan mai hali, kuma cikin siffofin mutumin kirki da Anthony Kirk-Greene ya tattara a 1974 karamci yana tafe kafaɗa da kafaɗa da gaskiya da amana da haƙuri. Amma jari ba ya taruwa a hannun wanda ke raba duk abin da ya shigo. Falken da ya yi nasara shi ne wanda ya iya tafiya a kan wannan siraɗi: ya matse wa kansa a ci da sutura, ya ƙi taɓa uwar kuɗi ko da biki ko da mutuwa, amma ya buɗe hannu inda kyauta ke gina mutunci, wato ciyar da baƙi da yaran gida, da zakka, da hidimar malamai, da gaisuwar sarki wadda ke kare dukiya daga idon masu mulki. Kundila, attajirin Kano na ƙarshen ƙarni na 19 wanda wani rukunin gidaje a birnin ke ɗauke da sunansa, har yau ana ba da labaran dukiyarsa tare da labaran tsananin tattalinsa, kuma yadda labaran ke rawa tsakanin yabo da zargin rowa yana nuna cewa jama'a ba su taɓa yanke hukunci ɗaya a kan wannan hali ba. Su kansu fatake ba sa danganta samu ga ƙoƙarinsu. Arziki na Allah ne, kuma Polly Hill ta tarar a Batagarawa ta ƙasar Katsina cewa manoma suna ɗaukar sa a matsayin baiwar da kan sauka ga wani ta tsallake ɗan'uwansa, ta kuma iya tashi ba sallama. Wannan imani bai hana nema ba. Amfaninsa ga ɗan kasuwa shi ne yana sauƙaƙa masa ɗaukar faɗuwa, domin wanda ya karye bai zama abin ƙyama ba muddin bai ci amana ba, kuma sau da yawa abokan sana'a sukan haɗa masa wani jarin ya sake tashi.

Gwajin gaske ga waɗannan halaye ya zo ne lokacin da hanyar Gwanja ta rushe. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, Gwanja ta ɓalle daga Asante, Asante kuma ta toshe wa Salaga goro, ciniki ya koma Kintampo da Atebubu da Kete Krachi, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa sauran mazauna garin, cikinsu har da malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete Krachi a 1934. Jiragen ruwa suka fara ɗaukar goro daga gaɓar Gold Coast zuwa Ikko, Turawa suka ci Kano a 1903, layin dogo ya iso birnin a 1911 aka buɗe shi ga kaya a 1912, kuma manoman ƙasar Yarabawa a wajen Agege da Shagamu suka shiga dasa irin goron Gwanja. Cikin shekara arba'in sanin da madugu ke taƙama da shi, na rijiyoyi da mashigai da sarakunan Bargu, ya zama ba shi da kasuwa. Waɗanda suka ɗauka cewa hanyar ita ce sana'ar sun shuɗe tare da ita, waɗanda kuma suka gane cewa abin da ke hannunsu shi ne jari da yara amintattu da suna mai kyau sun juya su zuwa wani kaya.

Kayan shi ne gyaɗa. Turawan mulki sun shimfiɗa dogo ne da fatan auduga don masaƙun Lancashire, amma masana'antun man shafa burodi a Turai suna neman man gyaɗa, kuma kamfanonin da suka buɗe kanti a Kano ba su san ƙauyuka ba, ba su da wanda manomi zai yarda da shi. Jan Hogendorn, wanda ya rubuta tarihin wannan lokaci, ya nuna cewa tsofaffin fataken goro ne suka cike giɓin, mutane irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, waɗanda suka karɓi kuɗin kamfani suka rarraba wa yaransu, yaran suka shiga karkara da gishiri da tufafi da bashi suna jawo hankalin manoma su ƙara shuka gyaɗa. Abin da Nijeriya ta fitar bai kai tan dubu uku ba a 1912, amma a 1913 ya haura tan dubu 19, har tashar Kano ta cika da buhunan da jirgin ƙasa ya kasa kwashewa. Manomin da ya lissafa cewa gyaɗa ta fi auduga riba, kuma ana iya cin ta idan shekara ta ɓaci, shi ma ya nuna irin hankalin da ake cewa babu shi a ƙasar.

Alhassan Ɗantata shi ne wanda rayuwarsa ta ratsa zamanin biyu. An haife shi a Bebeji a 1877 a gidan Agalawa, mahaifinsa Abdullahi falke ne, mahaifiyarsa ma 'yar kasuwa ce wadda ta koma Accra bayan rasuwar mijinta, ta bar shi a hannun wata tsohuwa mai suna Tata, wadda ake kiransa da sunanta. Ya yi almajiranci, ya yi ƙananan sana'o'i yana tara abin da ya samu a asusu, kuma yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ya rutsa da shi har aka kama shi kafin ya kuɓuta. Ya bi hanyar Gwanja kamar kakanninsa, amma yana cikin na farko da suka koma ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko a farkon ƙarni na 20, yana haɗawa da duwatsun ado da yadin Turawa. Bai shiga sayen gyaɗa tare da na farko ba. Sai a 1918 ya fara saya wa Kamfanin Neja, kuma cikin 'yan shekaru ya wuce waɗanda suka riga shi, saboda yawan yaran da ya baza da kuma yadda yake ba su jari su yi cinikin kansu a gefen nasa. Bayan da bankin Turawa na Afirka ta Yamma ya buɗe reshe a Kano, ana ruwaito cewa ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin, abin da ke nuna cewa mutumin da aka rena a tsarin amanar baki bai ji tsoron amanar takarda ba da ya ga amfaninta. Waɗanda suka san shi sun siffanta shi da sauƙin ci da sutura, da sammakon aiki, da bin lissafi da kansa.

Matsalar da ba ta bar gidajen fatake ba ita ce ta gado. Dukiya takan rabu tsakanin mata da 'ya'ya bisa ƙa'idar shari'a, yaran gida sukan watse kowa ya kama gabansa, amanar da mutane suka ba maigida kuwa tasa ce shi kaɗai, ba ta cikin abin da alƙali ke rabawa, shi ya sa manyan gidajen ciniki na ƙarni na 19 kaɗan ne suka wuce jikoki da ƙarfinsu. Ɗantata ya nemi maganin wannan ta hanyar haɗa harkokinsa a kamfani mai suna Alhassan Dantata and Sons, kuma ana ruwaito cewa da ciwon ajali ya kama shi ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya kada su raba shi. Ya rasu a Kano ranar 17 ga Agusta, 1955. 'Ya'yansa Sanusi da Aminu sun ci gaba da gyaɗa da fatu, suka faɗaɗa zuwa sufuri da gine-gine, kuma a ƙarshen shekarun 1970 jikan Sanusi ta wajen 'yarsa Mariya, Aliko Ɗangote, ya fara cinikin siminti da kayan masarufi da jarin da ya karɓa rance daga hannun kawunsa.